Tsatsa Ce, Mushe

Da azahar, rana na ƙuna a Madawa, injin sanyi na kantin Anasara ya tsaya. Anasara, wanda ake kira Mushe, wato maigida da Faransanci, ya rantse zai kori wanda ya taɓa shi.

Muntari makanike ya durƙusa yana dubawa. Kalla, kukun Anasara, wanda ba sa ga-maciji da shi, ya tsaya kansa.

"Yau an ba jaki aikin mutane."

"Kauce, mai wankin tukwane."

Can Muntari ya tarar da ɗan famfon da ke sakin iskar sanyi a murɗe, ɗaure da tsumman Kalla. Ashe Kalla ne ya ji hucin iska, ya ɗaure shi kamar bakin salka.

"Wa ya taɓa?" in ji Anasara.

Muntari ya kwance tsumman, ya dunƙule shi ya ɓoye a hannu. "Tsatsa ce, Mushe."

Kalla ya hango tsummansa a hannun Muntari, ya juya ya ce masa: "In ka ƙare, share ƙasar takalmanka."