Ranar da Aka Auna Gidana

Da hantsi suka tsaya a ƙofata a unguwar Tandabawi ta Makka, malami da ɗalibansa, ɗana a tsakiyarsu riƙe da igiyar awo.

Ni na matsa wa ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa ta buɗe makarantar nan ta koyon jinginar gidaje, don a daina cutar Hausawan Makka. Da kaina na kai ɗana can.

"Ya Hajji, gidan da aka jinginar muke aunawa," in ji malamin. "Yau naka ne."

"Ni ban jinginar ba!"

"Mai sunan ya jinginar."

Ba ni da takardar zama, da sunan maƙwabcina na gina, bisa amana da musafaha. Na dubi tagarsa, a rufe take.

Na juya ga ɗana. "Kai, ka sani?"

"Tun jiya, Baba. Wallahi na kasa faɗa. Jarrabawata ce, in na ƙi za a kore ni."

Uwarsa na ciki tana shara, ba ta ji ba.

Na karɓi bakin igiyar, na dafe shi a kusurwar bango.

"Ja sosai, kai. Kada ka rage min ko taƙi."