Na'urar Jamilatu

Bawa ya ɗaga leɓen akuyar da ɗan yatsa, ya leƙa haƙoranta, sannan ya goge yatsan a jikin rigarsa. Habsatu ta kau da kai. Ga warin dabbobin da suka faɗi a bayan kasuwar Matameye, ga jan yawun goro da ya taru a gefen bakin mutumin.

Akuya biyu ce ta rage mata. Damina ta ƙi, rumbu ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce, mijinta Iliyasu kuma yana Kano cin rani, abin da yake aikowa ba ya kai su ƙarshen wata. Nonon awakin nan ne mahaɗin furar gidan.

'Yarta Jamilatu tana ajin ƙarshe a lise, babbar sakandare, ɓangaren lissafi. Kaf danginsu ba wanda ya taɓa kaiwa nan. Ita ta dawo gida da maganar wata na'urar lissafi, wadda ba ƙidaya kawai take yi ba, har zane take fitarwa a fuskarta. Ta ce malaminsu ya ce jarrabawar bak ta bana, wato ta kammala sakandare, sai da ita.

Habsatu ba ta yarda nan take ba. Ta yafa mayafi ta je makarantar da ƙafarta.

Mushe Ummaru, malamin lissafin, ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya. Siririn mutum ne mai sanyin murya, wuyan rigarsa duk ya tsufa. Ta tambaye shi tsakani da Allah ko yarinyar za ta iya ba tare da wannan abu ba. Ya ce:

"Yaya, da zan iya ce miki a'a, da na ce. Da hannu za ta iya, amma lokaci zai ƙare mata. Yarinya irin Jamilatu a ce ta faɗi saboda na'ura?"

Ya ce a Damagaram ma da wuya a samu, amma akwai wani mai tebur a kasuwa, Bawa, da yake da 'yan kaɗan. Har ya yi alkawarin raka ta, don kada a cuce ta.

Ya kuwa cika alkawari. Ga shi tsaye a gefenta, yana yi wa Bawa faɗa cewa ya ji tsoron Allah, shekarar yunwa ce. Bawa ya yi dariya, ya tofar da yawu dab da ƙafarta, ya ce awaki biyun ko a bar masa kayansa. Daga ƙarshe, albarkacin malam, ya ƙara mata da pil, batirin na'urar.

Na'urar ba ta da kwali. Bayanta ya yi fari-fari a wuri ɗaya, kamar an goga da dutse. Bawa ya ce haka kayan Turai suke zuwa.

Ba ita kaɗai ba ce. Wata mata daga Yauri ta sayar da tasoshin aurenta. Wani dattijo na Ɗan Barto ya ba da irin geron da ya ɓoye don shuka. Duk wanda ya bar teburin Bawa yana tsine masa, yana sa wa Mushe Ummaru albarka.

Jamilatu ta ɗinka wa na'urar jaka, ta rubuta sunanta a baya da jan fenti. Ƙannenta suka koma shan kunu tsararo.

Ranar jarrabawa, malamin da kansa ya raka ɗalibansa Damagaram. Suna sauka daga mota, tun ba su kai ƙofa ba, wani mai kakin soja ya tare su da kwali a hannu. Ya ce sabon umurni ne daga Yamai: an hana shiga da na'ura mai zane, kowa ya ajiye tasa. Mushe Ummaru ya ɗaga murya, ya yi gardama har jijiyar wuyansa ta fito. Sannan ya juyo ga yaran, idonsa ja. Soja ne ke mulki, wa zai ja da su? Ɗaya bayan ɗaya suka zuba a kwalin. 'Yan sauran makarantu suna ta wucewa da biro da rula, ba wanda ya tare su.

Jamilatu ta yi jarrabawarta da hannu, ta gama da sauran lokaci. Da suka fito, ba mai kaki, ba kwali.

Habsatu ta kwana biyu abinci ba ya shiga mata. Ruwan farko ya sauka, maƙwabta sun fita shuka, ita ba ta da ko tiya ɗaya ta iri. Ta ce a ranta, in akwai wanda zai san ofishin da aka kai kayan, to malam ne. Ko rabin abin da ta bayar aka samo mata, ta sayi iri.

Ba ta taɓa zuwa gidansa ba, sai da ta yi tambaya. Ta yi mamakin ƙofar ƙarfe da sabon siminti. Ta yi sallama, wata mace mai fara'a ta leƙo, da goyo a bayanta. Habsatu ta gaishe ta, ta ce batun na'urar lissafi ne ya kawo ta.

Matar ta buɗe ƙofar sosai.

"Ayya, shigo mana, Inna. In ta baɗi kika zo kamawa, kin yi sammako. Sai jiya ƙanen maigidan ya kawo kwalin, malam ko gama kankare sunayen 'yan bana bai yi ba, balle ya aika wa yaya Bawa."