Yaƙin Romawa a Garkar Albasa

Ko da rantsuwa aka haɗa muku, ba za ku yarda ba: Isaka na Deule, wanda ko tsinke ba ya ɗagawa, ya taɓa yin haƙa har tafinsa ya yi kanta.

Shafa'atu yake nema da aure. Amma duk ranar da ubanta, Baba Ɗangana, ya kira gayyar shinge garkar albasarsa, sai ciwon baya ya kwantar da Isaka. Bakinsa ne kaɗai bai taɓa ciwo ba. Darasi guda ya tsira da shi kafin a kore shi daga lakwal, wato makarantar boko: yadda Romawa suka ritsa abokan gabarsu Golwa a kan tudu, suka kewaye su da rami da itatuwa masu tsini har yunwa ta fito da su. In yana ba da labarin a fadar hirar samari, sai ka ce shi ya ja rundunar.

Wata safiya Inna Hamsatu, uwar yarinyar, ta aiko masa cewa ɓarawo ya shige rudu, bukkar ajiyar albasa da ke cikin garkar, ya tokare ƙofa, ga maigida ya tafi kasuwar Buza. Isaka ya hango aure ba gayya.

Ya tarar da jakin gidan a ɗaure, diga da felu a jingine, ƙaya an tara tuli. Sa'ar mayaƙa, in ji shi. Ya hana samari fasa ƙofa, wai Romawa ba sa gaggawa. Inna ta ce ta ga majajjawa a hannun ɓarawon, don haka ya ja daga can nesa, ya bi iyakar garkar kaf.

Ya haƙa, ya kafa, ya jera ƙaya. Da ya zauna sai a yi tari ta ɓangaren da bai toshe ba, ya zabura. Har ƙanshin shayi ke fitowa daga rudun.

"Kai tsohon Golwa mai tarin akuya," yake cewa, "ci albasa ka ƙoshi, ruwa ne ba ka gani."

Da la'asar shinge ya haɗe, Isaka ya ɗaga murya. "Hito, an ci ka da yaƙi!"

Mutumin ya fito riƙe da butar shayi, ya girgiza shingen ya ce ya yi ƙwari. Saura gonar tudu gobe, Isaka shi kaɗai, in yana son maganar aure ta kwana da rai.

Isaka ya durƙusa cikin ramin da ya haƙa, ya ce, "Barka da dawowa daga Buza, Baba Ɗangana."