Gwajin Aro

Ƙanena na tura a yi masa gwajin zuciya da sunana, a nan na tafka ta'asa.

Shekara ashirin ina jan babbar mota. Zuciyata takan tsallake bugu ɗaya, kamar injin da ya sha gurɓataccen mai, sannan ta zabura a guje. Da kamfani ya ce kowane direba sai likita ya duba shi, na san kora ce ke jirana. Muna kama sosai da ƙanena, shi kuma maƙeri ne, ƙato, ko mura ba ya yi.

Ya dawo yana dariya. "Yaya, wannan ne abin tsoron? Wayoyi kawai suka manna min a ƙirji."

Sakamako ya fito. Manaja ya karɓe makullin mota, ya miƙo min takarda. "Likita ya ce ka koma yau ɗin nan, zuciyarka na cikin haɗari."

Na yayyaga takardar, na zagi likitan da na'urarsa. Jaki irina, baƙin cikin aiki ya hana ni tuna ƙirjin wa aka gwada. Tir!

Bayan kwana tara ƙanena ya kife kan uwar maƙera, guduma a hannunsa. Bai sake tashi ba.