Jan Ɗigo a Shagon Baba

"Baba, matso ka gani," in ji Mulikatu. Tun daga jami'a a Kumasi ta ɗauko kwamfutarta mai mataccen batir zuwa shagon waldar mahaifinta a Nima.

Ta nuna masa allon kwamfutar. "Wannan jan ɗigon hasken leza ne, wani haske mai tsananin ƙarfi. Kwamfuta na gwada yadda zai bi fuskar ƙarfen da ba ya tsatsa, ya ƙara masa ƙwari."

Sai aka ɗauke wuta. Allon ya yi baƙi ƙirin.

Ta juyo za ta ba shi haƙuri, ta tarar yana murmushi, idanunsa a kan allon.

"Masha Allah, Mulika! Dubi yadda yake tafiya."

Ta kaɗa hannu a gaban fuskarsa. Ko ƙiftawa bai yi ba.

"Eh, Baba," ta ce. "Yana tafiya."