Ƙusar Toka

An yi wani maƙeri a wani gari na bakin kogi, ba ya ƙera fartanya, ba ya ƙera wuƙa, shi dai ƙusa. Masu haɗa jiragen katako su ne manyan masu sayen kayansa. Su kuwa ga yadda aikinsu yake: in sun buga ƙusa ta huda katako biyu ta ɓullo ta baya, sai su lanƙwasa bakinta da guduma, su mai da shi cikin katakon, ta riƙe kamar ƙugiya. Jirgi sai ya shekara goma yana ɗaukar mutane da buhunan albasa, ko motsi katakon bai yi ba. To shi maƙerin nan yana da wata al'ada. In ya gama ƙera ƙusoshi, sai ya sake gasa su su yi jawur, ya binne su a ramin toka mai zafi, a bar su kwana uku su huce da kansu. Sukan fito baƙi ƙirin, munana, suna ɓata hannu. Da haka dai sana'a ta yi albarka. Daga rumfa aka koma shago, daga shago aka sayo injin yanka waya, aka ƙara da yin noti, har wurin ya zama kamfani mai ma'aikata sittin, kowanne da bakunan da ke jiransa a gida. Amma ramin tokar nan ba a taɓa rufe shi ba, sai ma faɗaɗa shi da aka yi, aka sa wani dattijo yana kula da shi.

Maƙeri ya rasu, ɗansa ya gaji kamfani. Ba malalaci ba ne, ba kuma mashashanci ba, kada a ɗauki alhakinsa. Abu ɗaya ne ke cin ransa. Duk lokacin da ya shiga kasuwar birni ya ga ƙusoshin waje a kwali, farare tas suna ɗaukar ido, sai ya tuna nasu a buhu kamar gawayi. Wani abokinsa ma ya taɓa tsokanarsa cikin mutane, wai shin ƙusa yake sayarwa ko kashin awaki. Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma maganar ba ta bar shi ba. Yana komowa ya sa a cike ramin toka, a kafa tankin wani ruwa da ake tsoma ƙarfe ya fito fari kamar sabon kwano.

Dattijon ya ce, "Alhaji ƙarami, tokar nan fa ba ƙazanta ba ce."

Ya ce, "Haba Baba, ƙarfe na barci kwana uku, mu muna gadinsa? Ai zamani ya wuce nan."

 Dattijo ya saɓa shebur ɗinsa ya tafi gida.

Sababbin ƙusoshi suka fito gwanin kyau, ga ƙarfi, ka buga ta shige tsaye ba gardama. Ɗan maƙeri har zuba su ya yi a faranti a ofis don baƙi su gani. Abin da bai sani ba, don bai taɓa tsayawa ya kalli ana haɗa jirgi ba, shi ne barcin nan cikin toka ke cire wa ƙarfe gautsi. Masu jirage suka saya kamar yadda suka saba. Wata ƙusar da an lanƙwasa ta sai ta karye nan take, wannan da sauƙi, an gani an canza. Wata kuwa sai ta tsage can cikin katako ta yi shiru. Damina ta sauka, kogi ya cika. Wata ranar kasuwa wani sabon jirgi ya buɗe da mutane a ciki. Allah Ya taƙaita, dab da gaɓa ne, ba a rasa rai ba, amma an tsamo wata mata ruwa iya wuya, ta ɗaga jaririnta sama da hannu biyu. Abin ba daɗin tunawa.

Kashegari babban masu haɗa jirage ya zo da guntayen ƙusoshi ƙulle a tsumma, ya zazzage su kan tebur, kusa da farantin nan.

Ya ce, "Ɗan maƙera, ta babanka mummuna ce, amma in ka ce mata kwanta sai ta kwanta. Wannan taka kuwa sai dai kallo. Mu ba hoto muke ratayewa ba, rayuka muke ɗorawa."

 A makon nan ɗan maƙeri ya sa aka tone ramin toka, ya je da kansa ya durƙusa wa dattijo, dattijo kuma ya dawo ba tare da gori ba. Sai dai masu jirage sun riga sun koma wajen wani ƙaramin maƙeri a tsallaken kogi, wanda a hannun marigayi maƙerin ya koyi aiki, kuma duk wanda ya ga ruwa ya shiga jirgi sau ɗaya ba a lallashinsa. A birni kuwa, ƙusar waje ta fi tasa araha. Ma'aikata sittin suka koma goma sha ɗaya, sauran kowa ya kama gabansa da iyalinsa. Kamfanin yana nan yana lallaɓawa da baƙar ƙusarsa. Fararen kuma suna nan jibge a sito, shekara da shekaru, ko tsatsa ba su yi ba.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira a rasa ido.