Jakar da Ke Kusa da Taga

Da labule masu kwasar kaya suka fara. Darakta na zaune tana kallonsu, ta damƙe makullin sito a tafin hannunta har ya yi mata shati.

An yi wa Ma'aikatar Tsaro garambawul. Sabon tsari ya haɗe wasu sassa, ya rage ma'aikata, ya sauya wa kowa aiki. Masu sayen kaya suka koma ƙarƙashin waɗanda da ma ba sa ga maciji da su, direbobi kuwa aka ce su jira a neme su. Kowa ya yi gunaguninsa a bakin matakala, ya ɗauki kofin shayinsa ya tafi inda aka tura shi. Sashen Darakta, na Neman Sojojin da Suka Ɓace, shi kaɗai aka soke ɗungurungum, aka ce aikinsa ya koma Sashen Haƙƙin Mamata.

Mamata! Wannan kalmar ce ta tsaya wa Darakta a wuya.

A sashenta akwai yadda ake yi tun kafin ta zo. In soja ya ɓace a fagen daga, ba gawa ba labari, sai a kawo jakar kayansa daga bariki a rataye a sito. Muddin jakar na rataye, soja yana bakin aiki, kuma ana nemansa. Ranar da aka miƙa ta hannun iyalinsa suka karɓa, an rufe maganarsa ke nan. Sabon tsari ya ce a sauke jakunkunan duka a kai wa iyalai.

Kullum da safe da kanta take kakkaɓe musu ƙura. Daga bakin ƙofa take farawa, ta ƙare a jakar da ke kusa da taga, inda takan ɗan jima tana shan iska. Duk wanda ya tambaye ta labarin wani soja, amsarta ɗaya ce, har ta zama sunanta a bariki: Ba-a-Rufe-Ba.

An gwada lallashi. Babban sakatare ya yi mata tayin ƙarin girma da ofis mai na'urar sanyi, ta ce ta gode, ba ta jin zafi. Aka koma barazanar ladabtarwa, ta ce a yi sauri, kada ritaya ta riga su. Da abin ya gagari kowa, sai shugaban kwamitin garambawul ya taso da kansa, wani tsohon janar mai ritaya da aka ɗauko musamman don aikin.

Yana shigowa ma'aikatanta suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, har da masinjan da ba ya barin kallo ya wuce shi. Darakta ba ta tashi ba. Tun ranar da aka sanar da sabon tsarin ba ta ce wa mutumin nan uffan ba, ko da yake ba ranar da ba sa haɗuwa. Ta lura ya rame, rigarsa ba guga. A ranta ta ce: maganinsa ke nan.

"Ki ba da makulli," in ji Janar, a hankali.

"Ranka ya daɗe, ba a rufe ba."

"Akwai mata a zaune, su ba masu aure ba, su ba zawarawa ba. 'Ya'yansu ba sa samun haƙƙin komai. Har yaushe za ki riƙe su?"

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce, kuma ta fi shi sanin matan. Amma ta dake.

"Wadda ta zo da ƙafarta ta ce a ba ta, na taɓa hana ta? Abin da ban yarda ba shi ne a loda su a mota a bi gida-gida kamar kayan agaji. Ka manta kofur ɗin nan da ya kuɓuto daga hannun maƙiya? A nan ya tarar da jakarsa, da hannunsa ya sauke ta."

"Mutum ɗaya ke nan."

"Ɗaya ba mutum ba ne?"

Janar ya juya ya yi wa sajan ɗin da ya zo da shi alama. Guduma biyu, kwaɗo ya faɗi. Sojoji suka shiga suna sauke jakunkuna, kowa na kauce wa idonta.

Darakta ta ajiye makullin a kan tebur, tunda ya zama ƙarfe kawai. Ta ratsa su ta shige har ƙuryar sito, ta sauke jakar da ke kusa da taga, ta shimfiɗe ta a ƙasa ta zauna a kai. Tana nan zaune aka kwashe sauran, sito ya koma ƙusoshi zalla a jikin bango.

Sajan ya matso, ya tsaya, ya waiwayi Janar.

"Yallaɓai, saura wannan. Umarni ya ce sai an miƙa kowace jaka hannun iyali."

Janar ya tako har gabanta. Ya miƙo hannu. Darakta ta dubi hannun, ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"In kai ka yarda ɗanka ya mutu, ɗaga ni ka ɗauka ka kai gida da kanka, maigida. Amma ka sani ni zan buɗe maka ƙofa, ni na haife shi, kuma ba zan karɓa ba."